Shekarar da Na Kankare Shuɗin Inna

Ranar Juma'a Sanusi ya sake tayar mini da maganar bangon ƙofar gida. Ya ce abokansa idan za su yi wa baƙo kwatance sai su ce gidan nan mai dabbare-dabbare. Ya ce shi zai sayi fenti da kansa a rufe komai da kala ɗaya, a kuma cire guntun kwanon rufin nan da na kafa a jikin bango kamar rumfar kaji. Ban ba shi amsa ba, don bakina ba ya yi mini aiki a irin wannan magana. Shi ya sa nake rubutawa. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, sauran rayuwata a bakin sitiyari na yi ta, don haka kada wani ya tsaya gyara mini rubutu. Kai Sanusi da Mariyama da ƙannenku, ina so ku san abin da ya mai da bangon haka. Ina kuma so ku san ba uwarku ta jawo ba. Na san abin da dangi suka gaya muku, wai Hadiza ce ta raina gidan ƙasa ta sa ni na sake shi. Ƙarya ne. Ni ne. Ta ɗauki laifin shekara bakwai ba ta ce uffan ba, ni kuma na bar ta da shi don ya fi mini sauƙi.

Kun ga shuɗin, amma ba ku kalle shi ba, kamar yadda ni ma ban kalle shi ba sai da ya tafi. A duk lungunmu na Birni babu bango irinsa. Ba shuɗin sama ba ne, ba kuma na rini ba. Idan rana ta take sai ka runtse ido, idan la'asar ta yi sanyi sai ya yi zurfi kamar ka tura hannu ciki. Ko lokacin da babana yake raye yana dukancinsa a zaure ba a cewa gidan Haruna baduku, shuɗin gida ake cewa. Inna ce ke yin sa. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, aka fara shigo da sabon hatsi daga ƙauye, sai ta fito da wata tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki, ta jiƙa abin da za ta jiƙa, ta ɗaure ƙugu, ta shafe bangon da tsumma a hannu. Inda hannunta bai kai ba ta hau turmi. Shekara arba'in da wani abu ina wuce ta tana wannan aiki, in ce sannu in tafi tasha. Ban taɓa leƙa tukunyar ba. Aikin mata na ɗauke shi, kamar shara.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku riƙe kafin in ci gaba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. Idan tana so na sai ta ce kai. Idan tana maganata da wasu sai ta ce mai mota, ko yaron nan, har bayan na yi furfura. Akwai wani mai sayar da gawayi mai sunana, shi ma ba ta kiransa, sai dai ta ce mai sunan yaron nan.

A shekarar da nake magana Mariyama ta samu miji, mushe ne, wato malami, a lakwal, mutanensa kuma masu gidajen siminti ne a sabbin unguwanni. Ranar da suka zo gaisuwa, wani kawunsa mai tabarau ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga kai yana kallon bango yana murmushi. Ya ce ashe har yanzu akwai irin waɗannan, irin su ne baƙi ke zuwa ɗauka a hoto. Watakila yabo yake. Ni ban ji yabo ba. Ji na yi ana ce mini talaka a gaban ƙofata. Ga shi kuma Inna ta yi shekara biyu ba ta shafa ba, ƙasan bangon ya fara zuba, don a lokacin kanta ya fara sakewa. Sai ta yi azahar sau biyu, ko ta ajiye carbi a cikin kwanon tuwo ta ce an ɗauke. Amma ta san mu, ta san ɗakinta, tana fita gidan maƙwabta ta dawo da ƙafarta.

Da na gaya wa Hadiza niyyata ta kankare bangon in yi masa siminti, tana tankaɗe ne. Ba ta ɗago ba.

"Ka bari sai bayan ranta."

"Ke ba ki ji abin da mutumin nan ya ce ba?"

"Na ji. Shi a gidansa zai kwana. Inna kuwa nan za ta kwana."

"Bango ne fa, Hadiza. Ba ɗakinta zan taɓa ba."

"To gaya mata, in bango ne kawai."

Ban gaya mata ba. Na san amsar da zan samu. Sai na ce da ita ƙanwarta Hajjo da ke Hamdara tana ta cigiyarta, na sa ta a gaban mota na kai ta. A hanya tana nuna mini gonaki tana cewa gyaɗar bana ta yi. Kwana goma sha shida ta yi a can. A cikinsu na kawo magina suka kankare bangon har ƙasa, suka kafa waya suka yaɓa siminti, aka shafa fenti mai ruwan madara irin na gidajen ma'aikata. Ɓaraguzan aka kwashe a amalanke aka cike wani rami da ke bayan masallaci. Kwana biyu kwatar lungunmu tana gudu da ruwa shuɗi. Na tsaya na kalli sabon bangon na ji daɗi. Wannan ma ku sani, na ji daɗi.

Da na ɗauko ta, mota ba ta shiga lungunmu, sai muka taka daga bakin hanya. Tana gabana da ƙunshinta a ka. Ta zo daidai ƙofar ta wuce. Na ce Inna ga gida. Ta juyo ta kalli bangon, ta kalle ni.

"Ina ka kawo ni?"

Hadiza ta fito ta kama hannunta ta shigar da ita. Na ɗauka idan ta ga ɗakinta shi ke nan. Ta tsaya a tsakar ɗakin tana kallon gadonta da jeren kwanoninta da buzun sallarta, sai ta riƙe baki.

"Har kayana sun kwaso."

Tun daga ranar Inna ta zama baƙuwa a gidan da aka kawo ta tana amarya. Idan an ba ta abinci sai ta yi godiya irin ta baƙo, ta ci kaɗan ta rufe. Ba ta ƙara yi wa kowa faɗa ba, ita da ko tsintsiya aka ajiye a karkace sai unguwa ta ji. Tana neman izini kafin ta ɗebi ruwa a randar da ita ta saya. Kullum da la'asar ta ɗaure zannuwanta biyu da carbi a ɗankwali, ta fita ta zauna a dakali, duk wanda ya wuce ta ce a kai ta gida. Aka yi bikin Mariyama tana zaune a wurin da ƙunshinta a cinya. Bangon kuwa ba wanda ya ce da ni ya yi kyau. Kawun mai tabarau bai ma zo ba.

Na kai ta wurin likita. Ya ce tsufa ne, ba shi da magani, kuma ko ban taɓa bangon ba haka za ta zo. Mutumin kirki ne, so yake ya sauke mini kaya. Ban karɓa ba. Ni na ga matar da ta tafi Hamdara, na ga wadda ta tsaya a ƙofar nan.

Wata la'asar na dawo daga tasha na same ta a dakali. Na durƙusa zan gaishe ta, sai ta taɓa mini hannu.

"Malam, kai ɗan unguwar nan ne?"

Na ce eh.

"Ka san Mutari mai mota? Ɗana ne. Ka ce masa ya zo ya ɗauke ni, na daɗe a gidan mutane."

Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinta. Da ina yaro na sha fatan in ji. Na ce mata zan gaya masa. Na shiga zaure na zauna a inda babana ke zama, ban iya shiga cikin gida ba sai da aka kira magariba.

Washegari na fara neman shuɗin. Ban da komai a hannu sai tunani, shi kuma tunani ba ya riƙe kala. Hadiza ce ta tuna mini da akwatin da masu kuran, wato masu wutar lantarki, suka kafa a jikin bango. Magina sun ji tsoron waya ba su taɓa bayansa ba. Na sa wuƙa na ɓanɓaro guntu kamar tafin hannun jariri, na naɗe a hankici na sa a aljihun gaba. Wata biyar yana aljihuna.

Na fara da wani mai shagon kayan gini a Kasuwar Dole. Ya fito da takarda mai ɗauke da kaloli a jere, ya ɗora guntun a kai yana ja yana dawowa. Ya ce ga shi nan, babu bambanci. A cikin shagonsa kam babu bambanci. Na sayi ƙaramin gwangwani na shafa a gefen ƙofa, na jira ya bushe, na fito da Inna. Ta kalla ta taɓe baki.

"Wannan ai na ƙofar biro ne."

Ofishin gwamnati take nufi. Na koma ya ƙara mini baƙi. Ta ce na motar jandarma ne. Na je wurin masu fentin bodin kamiyo, manyan motocin kaya, a bayan tasha, waɗanda ke zana zaki da dabino, don su kam sun iya haɗa kala da ido. Babbansu ya haɗa mini har sau uku, yana ɗiga fari yana motsawa da tsinke. Nasa ya zo kusa, amma yana sheƙi kamar an shafa mai, kuma da la'asar maimakon ya yi zurfi sai ya mutu. Inna ta ce akwatin amarya. Wani abokin tuƙina mai zuwa Kano ya ce can akwai inji da ke duba kala ya haɗa irinta. Ban yarda in ba shi guntun ba, sai ya ɗauka a hoto da wayarsa. Abin da ya dawo da shi ya ja zuwa ruwan makuba, don hoton a inuwa ya ɗauka. Shi ne babban tabon da ke hannun hagu. Inna ta kalle shi ta kau da kai.

Kowanne na shafa ban goge na baya ba, don in gwada su gefe da gefe. Haka bangon ya zama abin da kuke gani. Maƙwabta suka fara cewa Mutari ya taɓu. Na rage fita aiki, wasu ranakun mota tana tasha ni ina yawon shaguna. Abin da ya fi cin raina, a wajen kala kan Inna ras yake. Ba ta san ni ba, ba ta san jikokinta ba, amma ko sau ɗaya ba ta ruɗe ta ce wa shuɗin wani nata ne ba. Tana kirana malam mai fenti. Wata rana ta ce da ni, cikin tausayi, in nemi wata sana'a.

Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani tsohon marini, Baba Ari, wanda ya daina aiki yana zaune a gindin bedi, wato dogon yaro, kusa da tsofaffin rijiyoyin rini. Na gaishe shi na buɗe hankicin. Duk waɗanda na kai wa guntun fuskarsa suke kallo. Shi sai ya juya shi ya kalli gefe, inda ya karye. Ya matso da shi kusa da ido, ya sa farce yana bi a hankali.

"Zo ka gani."

Na duƙa. Gefen guntun layi-layi ne sirara, wani kan wani, kamar gefen littafi. Wani ya yi haske, wani ya yi duhu.

"Bula ce irin ta wanki da farar ƙasa, da ƙaro don ya kama. Akwai wani abu kuma da ban gane ba. Amma ka ga wannan? Kowane layi shafa ɗaya ne. Na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama. Ba za ka samu wannan a gwangwani ba, ko Makka ka je. Wa ya yi?"

"Mahaifiyata."

"Allah ya ji ƙanta."

"Tana raye, Baba."

Ya miƙo mini guntun, ya daɗe yana kallona.

"To me ya kawo ka wurina?"

Wata biyar ina tambayar duk Damagaram, har Kano na aika, ban tambayi matar da ke zaune a dakalina ba. Kunya ce ta hana ni ko rainin da na saba, ban sani ba. Na dawo na gaya wa Hadiza. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Tashi ta yi ta shiga bayan ɗakin girki ta fito da tukunyar nan mai tsagaggen baki. Ashe ranar da magina suka zo ta ɓoye ta.

Da hantsi kan Inna ya fi zama, don haka muka bari sai hantsi. Hadiza ta jiƙa ƙaro tun da dare, ta ajiye farar ƙasa da bula da gishiri a gabanta a tsakar gida. Inna ta kalli kayan. Sai ta jawo tukunyar tsakanin ƙafafunta. Hannuwan nan da ke rawa idan za ta sha koko suka daina rawa. Tana marmasa bula da yatsa, tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, tana ɗaga hannu ta ga yadda yake zuba. Can ta ce wa Hadiza:

"Ke yarinya, miƙo mini tukunyar miya."

Ta kifa ta, ta kankaro baƙin gindinta da farce, ɗan kaɗan, ta jefa a ciki. Abin da Baba Ari bai gane ba ke nan. Ta ɗiga a kan katanga, wato fasasshiyar tukunya, ta ajiye a rana. Na ce ai ya yi duhu da yawa. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ɗanye ƙarya yake. Jira ya bushe."

Muka fita waje. Ta shafa tafin hannu a kan fentina mai ruwan madara ta ja tsaki.

"Wa ya yi wannan aikin banza? Bangon da ba ya shan ruwa me za a shafa masa?"

Na ce ban san shi ba. Na ɗauko wuƙa da dutse na kankare fentin a dama da ƙofa har simintin ya fito, daidai inda hannunta zai kai. Ta tsoma tsumma ta fara, tana zagayawa da hannu kamar mai shafa wa yaro mai. Tana yi tana ɗan waƙa a maƙogwaro. Ba ta yi da yawa ba, bai fi faɗin tabarmar sallah ba, numfashinta ya gaza. Muka zaunar da ita. Rana ta hau, wurin ya bushe, na fito da guntun na kara a jiki. Shi ne. Bai kai zurfin na da ba, amma shi ne, ko makaho ya san ɗan gidan ne. Inna ta karkata kai tana dubawa.

"Bana ba zai yi kyau ba. Sai ya sha uku ko huɗu."

Ta wanke hannu a buta. Na tsaya ina jira ta juya ta shiga. Na riga na ga abin a raina, ta shiga tana faɗan an bar tsintsiya a hanya.

"To, na yi musu," ta ce. "Ka gaya wa matar gidan kada ta bar awaki su goga. Yanzu kai ni gida."

Ban saduda ba. Na ce watakila sai ta hango shi daga nesa, yadda mai dawowa ke hangowa. Da la'asar na ɗauki ƙunshinta na ce ta zo in kai ta. Ta yi ta sa mini albarka. Na bi da ita ta bayan masallaci, muka taka ramin da aka cike da bangonta, muka zagayo ta wajen duwatsu muka ɓullo bakin lungunmu. Rana ta faɗa a kan wurin daidai yadda take faɗawa a da. Inna ta tsaya cik. Ta kama hannun rigata.

"Ka ga irin na gidanmu."

Na ce eh Inna, na gani. Muka matso. Ta zo daidai ƙofar, ta kalli shuɗin, ta kalli ruwan madarar da sauran tabon da ke kewaye da shi. Sai ta wuce. Na bi ta da ƙunshin har ƙarshen lungu, har ta gaji, Hadiza ta zo ta lallaso ta.

Ba ta kai wata kakar ba. Da zafin bazara ta kwanta, kwana tara. Ranar da za ta cika ta yi wa Hadiza godiyar riƙon da aka yi mata, ta ce Allah ya saka wa masu gidan nan, ta ce idan Mutari ya zo a ce masa ta jira. Ina zaune a gefen gadon, ƙafarta tana hannuna.

Ruwan farko da aka yi bayan rasuwarta na ga shuɗi yana gangarowa a bango. A cikin ruwan na fita na samo guntun kwano na kafa a sama. Shi ne rumfar kajin da kake faɗa, Sanusi. A ƙarƙashinta idan ka duba da kyau za ka ga zagayen hannun Inna. Wanda ke gefensa kuma, wanda ya fi duhu, na uwarku ne. Ita ta tsaya ta kalli abin da Inna ke zubawa, ni ina can ina kallon fuskar Inna ina jiran a yafe mini. Duk kaka tana jiƙa ƙaro ta ƙara shafa ɗaya a kan nata, ba ta taɓa hawa kan na Inna ba. Dangin da ke zaginta suna wuce ta tana yi.

Sayi fentinka. Na biro da na jandarma da na Kano duk nawa ne, rufe su, na gaji da ganinsu. Biyun da ke dama da ƙofa ba nawa ba ne, ba ni da ikon ba ka su. Na uwarka ka tambaye ta. Na Inna kuwa babu wanda za a tambaya. Kafin ka buɗe gwangwanin, ka je bakin lungu da la'asar, wajen dutsen da ake ɗaure jaki, ka tsaya ka duba. Nan Inna ta tsaya.